Daƙiƙa 24: Tarihin Agogon da Ya Hana Zaman Daɓaro a Ƙwallon Kwando

A daren 22 ga Nuwamba, 1950, mutane sama da dubu bakwai suka biya kuɗinsu suka shiga ɗakin wasa na birnin Minneapolis a Amurka, don su kalli ƙungiyarsu ta Lakers tana karawa da Pistons ta garin Fort Wayne. Ba wanda ya zo da shakkar wanda zai ci. Lakers ce ke riƙe da kambun gasar NBA, ta yi wasa 29 a jere a gida ba a doke ta ba, kuma tana da George Mikan, wani zabgegen mutum mai tsawon ƙafa 6 da inci 10, mai sanye da tabarau mai kauri, wanda in ya kafa ƙafa a gindin kwando ba mai iya ture shi.

Kociyan Pistons, Murray Mendenhall, ya san duk wannan. Ya san in aka ce a yi ta jifa ana ramawa, yaransa sun sha kashi tun kafin su cire rigunan ɗumi. Sai ya duba littafin dokoki, ya ga babu inda aka ce dole ne wanda ke riƙe da ƙwallo ya jefa ta. Ya ce wa 'yan wasansa su tsallaka tsakiyar fili, su tsaya, su riƙe. Haka kuwa aka yi. Mutum ya ɗora ƙwallo a ƙugu ya tsaya ƙerere, minti biyu, minti uku, yana kallon 'yan Lakers suna kallonsa. Su kuma 'yan Lakers suka ƙi fitowa daga gindin kwandonsu, don sun san da zarar sun fito an buɗe hanya. 'Yan kallo suka yi ihu har suka gaji, suka buga ƙafa, wasu suka shiga jifa da abin da ya zo hannunsu. Ko a jikin Pistons.

An tafi hutun rabin lokaci Lakers na da 13, Pistons na da 11. A zangon ƙarshe gaba ɗaya, minti 12 cur, maki huɗu kacal aka ci tsakanin ƙungiyoyin biyu. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, wani sabon ɗan wasa mai suna Larry Foust ya cilla ƙwallo ta saman hannun Mikan ta faɗa. Aka tashi 19 da 18. Sau takwas kaɗai ƙwallo ta shiga kwando daga cikin wasa a daren nan, huɗu kowane ɓangare, kuma duk huɗun Lakers ɗin Mikan ne ya jefa su. Shi ya ci 15 daga cikin maki 18 na ƙungiyarsa. Har yau ba a sake yin wasa mai ƙarancin maki kamar wannan a NBA ba.

An sha zagin Mendenhall a kan wannan dare, amma ni ban ga laifinsa ba. An ɗauke shi aiki ne ya ci wasa, ya kuma ci, bai karya doka ko ɗaya ba. Laifin na dokar ne, kuma ciwon tsoho ne. Tun da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a Springfield ta jihar Massachusetts a Disambar 1891, da kwandunan 'ya'yan itace biyu da dokoki 13, akwai wani giɓi a cikinsa: lokaci yana tafiya ko ana jifa ko ba a yi, saboda haka duk wanda ya shiga gaba, ribarsa ita ce a daina wasa. An yi ta faci. A 1932 aka ja layi a tsakiyar fili, aka ce dole a tsallake shi cikin daƙiƙa 10, kada ƙungiya ta maƙale a bayanta. Masu cin lokaci suka ce to, suka tsallaka, suka ci gaba da tsayuwarsu a ɗaya ɓangaren. Masu kallon ƙwallon ƙafa da suka manyanta za su tuna yadda ake mayar wa gola ƙwallo ya cafe da hannu, ya mirgina, a sake mayar masa, har sai da aka hana a 1992. Ciwo ɗaya ne, sai dai a ƙwallon kwando ya fi muni, don da hannu ake riƙe ta, kuma ƙwace abin da ke hannun gwani ba tare da an taɓa jikinsa ba aiki ne ja.

Wata ɗaya da rabi bayan wancan dare, ranar 6 ga Janairu, 1951, Indianapolis Olympians da Rochester Royals suka yi wasan da sai da aka ƙara lokaci sau shida. Mai jin haka zai ɗauka an sha gumurzu. Ina! A kowane ƙarin lokaci, wanda ya fara samun ƙwallo sai ya rungume ta har daƙiƙun ƙarshe, ya yi jifa ɗaya, in ta shiga ya ci, in ba ta shiga ba a sake ƙarawa. An yi minti 78 ana wannan, aka tashi 75 da 73.

Sai dai tsayuwa ba ita ce mafi munin abin ba. Wanda ake gaba da shi ba zai naɗe hannu yana kallon lokaci na ƙarewa ba, kuma hanya ɗaya ce ta rage masa: ya yi keta da gangan. Ya rungumi mai ƙwallo ko ya make masa hannu, alƙali ya hura usur, a ba wancan jifan tara guda ɗaya daga layi, ya ci maki ɗaya, ƙwallo ta dawo hannun mai ketar, shi kuma ya nemi maki biyu. Ciniki ne mai riba. Da ɗaya ɓangaren ya gane haka sai shi ma ya rama da tasa ketar kafin a yi jifan biyun. Ƙarshen wasa ya zama tattaki daga wannan layin tara zuwa wancan. A ranar 21 ga Maris, 1953, a wasan fitar da gwani tsakanin Boston Celtics da Syracuse Nationals, an hura keta 106, an kori 'yan wasa 12 saboda cika adadin laifi. Bob Cousy na Boston ya ci maki 50, amma 30 daga ciki a tsaye ya ci su daga layin tara. Shi Cousy ɗin nan, gwanin buga ƙwallo da ƙasa ne na zamaninsa, kuma babban amfanin da ake yi da gwanintarsa a ƙarshen wasa shi ne ya yi ta zagaya fili da ƙwallo har lokaci ya cika.

Jama'a suka fara ƙaurace wa kallo. Gasar da ta soma kakar 1949 da ƙungiyoyi 17, zuwa kakar 1953 saura tara. Talabijin ta fara shiga gidajen Amurkawa, kuma babu gidan talabijin da zai so ya sayi awa biyu na mutane goma suna tsaye. An gwada rage wa dogaye ƙarfi, a 1951 aka faɗaɗa filin da ke gindin kwando daga ƙafa 6 zuwa 12 don a nisanta Mikan, amma wannan magani ne na wata cuta daban.

Wanda ya kawo maganin ba koci ba ne, ba kuma tsohon ɗan wasa ba. Danny Biasone ɗan ci-rani ne, an haife shi a Italiya a 1909, ya zo Amurka yana yaro, ya girma a Syracuse ta jihar New York. Sana'arsa gidan wasan bolin, wasan nan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan katako don ta ture sanduna. A 1946 ya biya dala 5,000 ya kafa ƙungiyar Syracuse Nationals. Ɗan guntun mutum ne, kuma ba ya zama a kujerar manya, a benci yake zama kusa da 'yan wasansa. Daga nan yake ganin abin da masu ofis ba sa gani: yadda fuskar ɗan kallo ke sauyawa idan an shiga zangon ƙarshe aka fara riƙe ƙwallo.

Tunanin a sa wa jifa wa'adi ba nasa ba ne shi kaɗai. Howard Hobson, wanda ya horar da ƙungiyoyin jami'ar Oregon da ta Yale, ya daɗe yana kiran a yi haka. Abin da Biasone da manajan ƙungiyarsa Leo Ferris suka ƙara shi ne lamba, da kuma naci. Lissafin kuwa ɗan firamare zai yi shi. Suka ɗauko takardun sakamakon wasannin da suka ji daɗin kallo, waɗanda ba a ci lokaci a cikinsu ba, suka ga kowace ƙungiya takan yi jifa kamar 60. Biyu ke nan 120. Wasa minti 48 ne, wato daƙiƙa 2,880. A raba 2,880 gida 120, a samu 24.

A lura da abin da wannan lissafi yake nufi. Ba a auna numfashin ɗan wasa ba, ba a auna tsawon fili ba. An ɗauki irin wasan da mutum biyu suka ga ya yi musu kyau, aka mai da shi mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi. Da wasannin da ke burge Biasone masu jifa 50 ne, da yau duniya na ƙirga kusan daƙiƙa 29. Amma lambar ta faɗa daidai: tana da tsawon da za a iya miƙa ƙwallo hannu biyar ko shida a shirya hari, ba ta kuma kai tsawon da za a ɓuya a cikinta ba. Sama da shekara saba'in ke nan NBA ba ta sauya lambar ba.

Masu ƙungiyoyi suka amince a watan Afrilun 1954. A ranar 10 ga Agusta aka gwada a ɗakin motsa jiki na makarantar Blodgett da ke Syracuse, inda Biasone ya yi karatu, da wasu 'yan Nationals da samarin gari, manyan gasar na zaune suna kallo. Dolph Schayes, tauraron Syracuse, ya sha ba da labarin yadda suka ruɗe da farko: kowa na ganin kamar lokaci zai kuɓuce, da an miƙa sau ɗaya ko biyu sai a cilla, ko daƙiƙa goma ba a cika ba. Sai a hankali suka gane 24 ɗin tana da yalwa.

Dokar ita ce: daga lokacin da ƙungiya ta mallaki ƙwallo, dole ta bar hannun mai jifa kafin daƙiƙa 24 su cika, kuma ta shiga kwando ko ta taɓa ƙarfen bakinsa. In ba haka ba, ƙaho ya yi ƙara, a miƙa wa abokan hamayya. Agogunan farko wasu akwatuna ne da ake ajiyewa a ƙasa a gefen fili, sai daga baya aka ɗora su a saman allon kwando inda mai jifa zai gan su ba sai ya sunkuya ba. Akwai kuma doka ta biyu da aka kafa tare da agogon, wadda ba a cika tunawa da ita ba: an ƙayyade wa kowace ƙungiya keta shida a zango, in ta wuce sai a ƙara wa wanda aka yi wa laifi jifan tara. Ba don wannan ba, da agogon ya hana tsayuwa amma ya bar kokawa. Da biyun suka haɗu, wanda ake gaba da shi ba ya bukatar rungumar kowa, ya tsare kwandonsa daƙiƙa 24 kawai, ƙwallo za ta dawo.

Wasan farko da agogo an yi shi ranar 30 ga Oktoba, 1954, Rochester ta doke Boston 98 da 95. A kakar da ta gabata, kowace ƙungiya kan ci maki 79.5 a wasa idan aka daidaita. A kakar farko ta agogo ya koma 93.1. Boston ta zama ta farko da ta haura maki 100 a wasa idan aka daidaita a tsawon kaka, ita ma kuma ana zura mata sama da 100. Maurice Podoloff, shugaban gasar na lokacin, ya ce bai ga wani abu da ya faru a tarihin NBA da ya kai wannan muhimmanci ba.

Kakar ta ƙare da abin da ko mai tsara labari zai ji kunyar rubutawa. Waɗanda suka kai wasan ƙarshe su ne Syracuse ta Biasone da Fort Wayne, ƙungiyar nan mai 19 da 18. (Fort Wayne ma ba ta samu buga wasanninta na gida a gida ba, sai a Indianapolis, don an riga an ba da hayar ɗakin wasanta ga masu gasar bolin, wanda ya nuna matsayin NBA a idon jama'a a lokacin.) Aka yi uku da uku, aka zo wasa na bakwai a Syracuse ranar 10 ga Afrilu, 1955. A zango na biyu Fort Wayne na gaba 41 da 24. A tsohuwar doka, an gama, sai dai a jira usur. Amma yanzu dole ta ci gaba da jifa, kuma duk jifan da ya kuskure dama ce ga Syracuse. Saura daƙiƙa 12 ana kunnen doki, George King ya jefa tara ɗaya ta shiga, sannan ya sace ƙwallo a harin ƙarshe. Syracuse 92, Fort Wayne 91. A cikin waɗanda suka ɗaga kofin akwai Earl Lloyd da Jim Tucker, baƙaƙen fata na farko da suka ci kambun NBA.

Daga nan wasan ya sauya jiki. Mikan ya yi ritaya a 1954, ya ɗan dawo a kakar 1955 zuwa 1956, ya tarar da gudun ya fi ƙarfin gwiwoyinsa. Zamani ya koma na dogaye masu gudu. Bill Russell ya zo Boston a 1956, yana tare jifa yana cilla wa Cousy a ruga, suka yi ta kwasar kofi. A kakar 1961 zuwa 1962 matsakaicin maki ya kai 118.8, kuma a cikinta ne Wilt Chamberlain ya ci 100 shi kaɗai ranar 2 ga Maris, 1962. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta ɗauki agogon daƙiƙa 30 tun 1956, ta rage zuwa 24 a 2000, kuma dokarta ce ake bi a gasannin Afirka, har da waɗanda Kano Pillars ke bugawa. 'Yan matan jami'o'in Amurka sun karɓi daƙiƙa 30 a farkon shekarun 1970.

Mazan jami'o'i ne suka turje, shekara talatin. Kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. A watan Maris na 1954, wata guda kafin NBA ta amince da agogo, wata ƙaramar sakandare ta garin Milan a jihar Indiana, mai ɗalibai 161, ta kai wasan ƙarshe na jiha da Muncie Central wadda ta ninka ta kusan goma. A zangon ƙarshe, ana gaba da Milan da maki biyu, wani yaro Bobby Plump ya tsaya da ƙwallo sama da minti huɗu bai motsa ba, don ya gajarta wasan ya koma na jifa ɗaya ko biyu. Shi ne kuma ya jefa ta ƙarshe, aka tashi 32 da 30. Har fim aka yi a kan labarin, Hoosiers, a 1986. Abin da aka yi wa Mendenhall tofin Allah tsine a kansa, shi ne aka yi wa Plump kirari. Riƙe ƙwallo makamin mara ƙarfi ne. Yawan hari yana fito da wanda ya fi gwaninta, ƙarancinsa yana ba sa'a wuri. Agogo ya ƙwace wannan makami, kuma duk mai yabonsa ya kamata ya amsa cewa ya yi wa ƙananan ƙungiyoyi asara.

Abin da ya karya hujjar shi ne manya ma sun ɗauki makamin. Dean Smith na jami'ar North Carolina, wanda ke da zaratan 'yan wasa, ya shahara da wani tsari da ya samo asali daga koci John McLendon: mutum huɗu su tsaya a kusurwoyi huɗu, gwanin buga ƙwallo ya yi ta yawo a tsakiya. A 1968 North Carolina State ta doke Duke 12 da 10. A 1973 Tennessee ta doke Temple 11 da 6. A 1979 aka tafi hutun rabin lokaci Duke na da 7, North Carolina ba ta da ko ɗaya. Sai kuma 7 ga Maris, 1982, wasan ƙarshe na yankinsu tsakanin North Carolina da Virginia, ana nunawa a talabijin a faɗin ƙasa. A fili akwai James Worthy da wani ɗan aji ɗaya mai suna Michael Jordan, ga Ralph Sampson na Virginia mai ƙafa 7 da inci 4. North Carolina na gaba da maki ɗaya, saura sama da minti bakwai, sai ta baje a kusurwoyi. Aka tashi 47 da 45. A tara irin waɗannan a fili ɗaya sannan a hana su wasa, wannan ba kare mara ƙarfi ba ne.

Ɗan Najeriya ma ya ɗanɗana wannan zamani. A wasan ƙarshe na ƙasa a 1983, a Albuquerque, Hakeem Olajuwon ɗan Legas yana jami'ar Houston, ƙungiyar da ta fi kowa gudu da tsalle a shekarar. Sun dawo daga hutu suka yi wa North Carolina State ruwan maki har suka ba ta tazarar bakwai, sai kociyansu Guy Lewis ya ce a lafa a ci lokaci. Ƙungiyar da ƙarfinta gudu ne ta ɗaure ƙafarta da kanta. Abokan hamayya suka koma keta, 'yan Houston suka yi ta zubar da jifan tara, aka yi kunnen doki, a daƙiƙar ƙarshe Lorenzo Charles ya cafe wata ƙwallo da ta gaza kai wa kwando ya dunƙula ta ciki, 54 da 52. Olajuwon aka zaɓa gwarzon gasar, amma kofi ya tafi.

Karo na ƙarshe da aka yi wasan ƙarshe na ƙasa ba agogo shi ne ranar 1 ga Afrilu, 1985, kuma ya zama kamar bankwana ga masu tsohuwar hujja. Villanova, wadda ba a ba ta komai ba, ta fuskanci Georgetown ta Patrick Ewing, ta ja wasan a hankali, ta yi jifa 28 kacal a dare guda, 22 suka shiga, ta ci 66 da 64. A kakar da ta biyo aka kafa daƙiƙa 45, a 1993 aka rage zuwa 35, a 2015 zuwa 30. FIBA kuma a 2014 ta ƙara wani gyara: in ƙungiya ta yi jifa ta kuskure ta sake cafe ƙwallon, daƙiƙa 14 za a ba ta, ba sabuwar 24 ba. NBA ta bi sahu a 2018. Makarantun sakandare na Amurka su ne har yanzu kansu a rabe, wasu jihohi na da agogon daƙiƙa 35, wasu na cewa kuɗin sayensa da na wanda zai zauna yana danna shi sun fi ƙarfin ƙananan makarantu.

Biasone bai ci ribar abin da ya shuka yadda ya kamata ba. Gasar da agogonsa ya raya ta girma har ta fi ƙarfin garuruwa irin nasa. Fort Wayne ta koma Detroit a 1957, Rochester ta tashi a shekarar, Lakers ta tafi Los Angeles a 1960. A 1963 shi ma ya sayar, Nationals ta koma Philadelphia ta zama 76ers, ya koma gidan bolin ɗinsa. Ya rasu a 1992, sai a 2000 aka shigar da sunansa zauren karrama gwarazan ƙwallon kwando da ke Springfield. A 2005 birnin Syracuse ya kafa agogon tunawa a dandalin Armory Square, yana ƙirgawa daga 24 zuwa sifili yana komawa. Leo Ferris kuwa, wanda mutane da dama a Syracuse ke cewa shi ne ya yi ainihin lissafin, ya bar harkar ƙwallon kwando tun tsakiyar shekarun 1950, ya rasu a 1993, kuma danginsa sun shafe shekaru suna fafutukar a riƙa ambaton sunansa tare da na Biasone.